Rigunan da ba a saƙa wa hannu ba

Kwana goma sha ɗaya ke nan ko ruwa ba ya zama a cikin Silke. Cikinta wata biyu da rabi ne, amma laulayin ya taso mata kamar da gayya: ƙamshin kofi amai, tururin dankali amai. Mijinta yana can Hamburg wurin aiki, shi ya sa uwarta Edeltraud ta kwaso kwandon saƙarta ta tare a gidan.

Da hantsi Likita Overbeck ya zo, ya duba harshen Silke. Ya ce, "Cikin ne ke jawo shi, ba abinci ba. Amma jikinta ya bushe. In ba ta riƙe ruwa ba zuwa gobe, ba ita kaɗai nake ji wa tsoro ba." Ya ajiye 'yar kwalba. "Ƙwaya ɗaya tsakanin leɓe da dasashi, za ta narke da kanta. Kada ki damu, an daɗe ana ba masu ciki."

Kada ki damu! Haka mai kantin magani ya ce wa Edeltraud a 1960, lokacin da take laulayin Silke. Ƙwaya tara ta sha, aman ya tsaya cak, ta yi barci mai daɗi. Sai aka haifi yarinya da 'yan yatsu a kafaɗa, babu dantse. Riguna bakwai ta saƙa kafin haihuwar, duka ta zauna ta warware musu hannu.

Likita na fita ta jefa kwalbar a aljihu. Duk inda ta juya sai ƙwayoyin su yi ƙara.

Silke da ƙafa take komai, rubutu, taje kai, har yankan albasa. Yau kuwa ko ɗaga ƙafar ta kasa. Daga kan gado ta ce, "Mama, ina maganin?"

"Bari dai in dafa miki shayin na'a-na'a."

"Shayinki na jiya ga shi can cikin bokiti. Ina jin kwalbar a aljihunki. Hannu ne ba ni da shi, Mama, ba kunne ba."

Edeltraud ta zauna a bakin gadon. "Ni fa na yi miki haka. Da bakina na haɗiye."

"Na sani. Shekara ashirin da bakwai kina faɗa min da ido." Silke ta numfasa da ƙyar. "Riguna huɗu kika saƙa wa ɗan nan, ko ɗaya babu hannu. Kin zaci ban gani ba? Ba wancan maganin ba ne. In kika hana ni, ba wanda zai sa rigunan ma."

Ta buɗe baki tana jira, kamar lokacin da take 'yar goye.

Sau biyu ƙwayar tana kuɓuce wa Edeltraud. A na uku ta ɗaga leɓen 'yarta ta tura ta ciki, tana kuka ba sauti.

Da la'asar Silke ta sha rabin kofin ruwa, ya zauna. Ta sha sauran, shi ma ya zauna. Can barci ya kwashe ta, fuskarta ta saki.

Edeltraud ta daɗe a tsaye tana kallonta. Ta san irin wannan barcin, ta taɓa yin sa.

Ta jawo kwandon, ta ɗauko 'yar riga ɗaya, ta zura allura a kafaɗar ta fara hannun dama. Saura wata shida da rabi ta san ko za ta warware.