Burtsatsen Haɗin Kai

Maman 'Yan Biyu ta sauke jarkar a bakin ƙofa, ta dafa bango, ta jira gwiwarta ta gama zaginta. Daga gidan zuwa rafi tafiya ce ko ga mai lafiyar ƙafa, balle ita da ƙafar hagu ta daɗe da yin ritaya, sauran jikin ne kawai bai samu labari ba. Kafin numfashinta ya dawo mijinta ya fito da moɗa, ya tsiyayi ruwan, ya jiƙa tsumma, ya durƙusa yana goge takalminsa.

"Baban 'Yan Biyu, ruwan sha ne fa."

"Taro gare mu yau. Mai Girma da kansa zai zo."

"Da kai zai gaisa ko da takalmin?"

Ya ci gaba da goge takalminsa. Mutumin da ke ɗauke da zaman lafiyar gari a kansa ba ya tsayawa cacar baki da mai ɗauke da jarka.

Garin nasu titi ɗaya ne ya raba shi, titin da ya gangara har rafi. A hannun dama unguwar Sama, masu masallaci da yarensu. A hannun hagu unguwar Gangare, masu coci da nasu yaren. Tun zamanin kakanni kasuwarsu ɗaya, sauronsu ɗaya. Wata shekara aka yi faɗa, aka ƙona rumfuna, har yau ba a daidaita a kan wanda ya fara ba. Hukuma ta kafa Kwamitin Zaman Lafiya, mutum huɗu daga Sama, huɗu daga Gangare, sai aka lura takwas ba ta yanke hukunci. Aka shiga neman na tara.

Nan aka tuna da Baban 'Yan Biyu. A Gangare aka haife shi, yarensu yake yi, amma da mutanen Sama yake salla. Rabin rayuwarsa wannan aibi ne: in ya shiga masallaci a rage murya, in ya zauna a majalisar Gangare a koma zancen damina. Rana ɗaya aibin ya zama kujera mai katifa. Tun daga nan sunansa ya ɓata, kowa Na Tara yake kiransa, shi kuma yana amsawa kamar sarauta.

Kwamitin ya yi aiki, kada a zalunce shi. Shekararsa ta farko ta ƙare a kan addu'ar wa za a fara buɗe taro da ita. Aka amince a riƙa yin duka biyun, kowa da makon da zai riga. Da yake kowane ɓangare yana tsoron kada tasa ta fi gajarta, in an shafa sai a tashi.

Bana kuwa zaɓe ya matso, Mai Girma ɗan majalisa ya tuna mutane suna shan ruwa. Ya yi alkawarin rijiyar burtsatse guda ɗaya, ya bar wa kwamiti zaɓen wuri.

"Na ji a rafi," in ji Maman 'Yan Biyu, ta zauna a kan turmi tana matsa gwiwa. "An ce injiniya ta auna ko'ina, ruwa yana filin bayan coci. Nan bayan katangarmu. In aka buɗe famfo daga ɗaki zan ji ƙararsa."

"Zancen mata."

"Matan su ke ɗauko ruwan. Ni dai abu ɗaya na roƙe ka. Yara sun yi aure sun tafi, ba mai karɓa ta. In an ce a ɗaga hannu, ka ɗaga inda ruwa yake."

"Ke ba ki san siyasa ba."

"Na san rafi, Na Tara."

Ba ta kiransa da sunan sai ranta ya ɓaci. Shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce, ya gyara hula ya fita.

*

A ɗakin taron an jera kujerun roba, huɗu nan, huɗu can, tasa mai katifa a tsakiya. Gaban kowa robar ruwa mai sanyi, tana gumi a kan tebur. Injiniya, wata mata mai gajiyayyun idanu, ta yi bayani a taƙaice: an gwada wurare, bayan coci ne kawai ruwa yake kusa, kuma filin na hukuma ne, ba na cocin ba.

Alhaji Mai Siminti, jagoran Sama, ya miƙe yana tattare hannun riga.

"Wato mu tura 'ya'yanmu mata bayan coci safe da yamma? Yau su ɗebo ruwa, gobe su dawo mana da waƙa!"

Hedimasta, dattijon Gangare, ya cire tabarau ya yi murmushi irin na wanda ya ci jarrabawar da bai rubuta ba.

"Ba mu muka ajiye ruwan a can ba, Alhaji. Wanda ya ajiye shi ya san inda ya zaɓa. Ya kamata mai hankali ya yi tunani a kan haka. Makulli dai a wurinmu zai zauna, ranar Lahadi da safe kuma a rufe, saboda hayaniya."

"Kun ji ko? Tun ba a haƙa ba ya rufe!"

Su biyun kowa da tanki a kan rufin gidansa, motar ruwa ke cika musu duk mako. Shi ya sa suke iya magana a kan aƙida da natsuwa.

Mai Girma ya bar su suka yi ta yi, yana juya zobensa, fuskarsa kamar ta manomin da ke kallon hadari. In ya ba Gangare rijiya ya rasa Sama. In ya hana kowa ya rasa duka. Kuma ya daɗe da gano cewa unguwa biyu masu jin haushin juna sun fi sauƙin kiwo a kan unguwa biyu masu jin ƙishirwa tare. Da muryoyi suka dushe ya ɗaga hannu.

"Iyayena, ni na kowa ne. A haƙa a tsakiyar titin da ya raba mu, daidai wa daida, kada inci ɗaya ya karkata. Adalci ke nan."

"Ranka ya daɗe," in ji injiniya, "tsakiyar dutse ne."

"Ke ƙasa kika karanta, 'yata. Ni mutane na karanta."

Ta ɗaga kafaɗa, ta rufe jakarta. "Inda kuka nuna nan zan huda. Rami dai za a samu."

Huɗun Sama suka ce tsakiya. Huɗun Gangare suka ce bayan coci. Aka ba da hutun shan iska, kowa ya san iskar wa za a sha.

Mai Siminti ya riga kowa kama hannun Na Tara a baranda. "Ɗan'uwa," ya ce, kalmar da bai taɓa ɓarnatarwa a kansa ba, "sahu ɗaya muke tsayawa. Akwai masu cewa har yau zuciyarka tana Gangare, ni nake kare ka. Kada ka kunyata ni."

Yana saki Hedimasta ya ja shi gefe, ya juya harshe zuwa yaren gida. "Yaro, na san mahaifiyarka. Nonon Gangare ka sha. Ka tafi ka bar mu mun yi haƙuri, yau ranar biyan haƙurin ce."

Mai Girma bai ja shi ko'ina ba. Wucewa kawai ya yi, ya kaɗe masa wata ƙura da babu ita a kafaɗa. "Ina neman mai ba ni shawara ta musamman kan fahimtar juna. Mutumin da ba ya karkata. Akwai ofis, akwai mota in za a raka baƙi."

Na Tara ya koma kujerarsa. Gwiwar matarsa ta faɗo masa a rai, kumburarriya, mai sheƙi. Ya tausaya mata ƙwarai, har ya ji daɗin yadda yake da tausayi. Sai kuma ya hango kansa ranar Juma'a, sahu yana matsawa daga gefensa. Ya hango ƙofa da sunan muƙaminsa a jiki. Injiniyoyi ma ai suna kuskure. Kuma fitar da ruwa daga dutse ba sabon abu ba ne wurin Allah, wannan kam littattafan ɓangarorin biyu sun yarda. Mutum ya ƙi tsakiya, kamar ya yi shakkar ikon Allah ne.

Ya ɗaga hannu da tsakiya, har da tsoron Allah a fuskarsa.

*

"Ka ji injiniyar da kunnenka?" matarsa ta tambaye shi da la'asar.

"Na ji."

"Ta ce dutse ne?"

"Maman 'Yan Biyu, an yi adalci. Ba wanda ya ci, ba wanda ya faɗi."

Ta tura masa butar da ke gabanta da ƙafa. Butar ta yi ƙarar abin da ba komai a cikinsa.

"Zuba mini adalcin in yi alwala."

Aka auna tsakiyar titi da igiya, wakilin Sama riƙe da baki ɗaya, na Gangare da ɗaya, kowa yana ɗan ja a ɓoye. Injin ya yi kwanaki yana kuka, ba abin da ya fito sai farin garin dutse da ya bi kan shanyar unguwannin biyu ba tare da nuna bambanci ba. Injiniya ta kwashe kayanta ta tafi. Ba wanda ya ce a daina. Aka kafa ƙarafa, aka ɗora tanki, aka zuba dandamalin siminti daga shagon Alhaji, aka jera famfuna, ɗalibai daga makarantar Hedimasta suka yi fenti, rabi launin da Sama ta zaɓa, rabi na Gangare.

Ranar buɗewa motar ruwa ta zo da hantsi ta cika tankin a gaban idon kowa. Manyan gari suka ga dacewar duban wani wajen. Aka yi addu'a biyu masu tsawo ɗaya. Mai Girma ya murɗa famfo, ya tara tafin hannu, ya kai bakinsa kusa da ruwan har mai hoto ya gama. Ya raɗa wa wurin suna Burtsatsen Haɗin Kai, ya sanar da naɗin Na Tara, aka tafa. Maman 'Yan Biyu tana can ƙarshen layi da jarkarta, masu lafiyar ƙafa sun riga ta. Da layi ya zo kanta famfon ya yi tari, ya yi atishawa, ya yi shiru.

Famfon bai sake magana ba. Mutanen Sama suka ce 'yan Gangare ne suka yi wa rijiyar asiri don baƙin ciki. 'Yan Gangare suka ce mutanen Sama ne suka karkatar da bututu ta ƙarƙashin ƙasa. Dutse shi kaɗai ba a zarga ba. Mai Girma ya shiga kowace unguwa ya yi mata alkawarin kare ta daga ɗayar, ya lashe akwatunan biyu. Da wasu matan Gangare suka fara zancen su haƙa tasu a bayan coci, kwamiti ya zauna, ya sa aka kewaye filin da waya don gudun fitina. A kan wannan kam duk tara suka ɗaga hannu.

*

Dandamalin ya samu aiki. Yana daidai inda hawan tudu daga rafi yake karya gwiwa, tankin kuma yana ba da inuwa. Mata suka mai da shi wurin hutu, na Sama da na Gangare, kowa da jarkarta, suna zagin maza da yare biyu.

Wata rana da rana tsaka Maman 'Yan Biyu tana zaune a wurin, wata tsohuwar Gangare tana shafa mata man zafi a gwiwa.

"Mijinki ne fa ya haƙa mana wannan kujera," in ji tsohuwar. "Ki ce muna godiya."

"Ki bari ya ji, sai ya ce a yi bikin buɗe inuwa."

Ba su gama dariya ba farar mota ta tsaya. Na Tara ya fito da baƙi biyu daga wata ƙungiya mai ba da lambar yabo kan zaman tare. Ya buɗe hannu kamar mai nuna gonarsa.

"Kun gani da idonku. Da can waɗannan ba sa ko gaisawa. Yau ga su kafaɗa da kafaɗa."

"Mu ba ma gaisawa?" in ji tsohuwar. "Ni na karɓi haihuwar 'yan biyunka."

Da yaren Gangare ta faɗa, baƙin ba su ji ba. Na Tara ya fassara musu cewa tana sa wa kwamiti albarka.

Ɗaya baƙon ya ɗaga kyamara, ya sauke. Ya ce hoton zai fi kyau in an ga jarka cike a ƙarƙashin famfo, simintin kuma ya ɗan jiƙe. Na Tara ya duba jarkokin, bai ga wadda yake da iko da ita ba sai guda. Ya sunkuya ya ɗaga ta, jijiyar wuyansa ta miƙe, bai taɓa sanin haka take da nauyi ba. Ya ja ta zuwa gindin famfo yana haki, ya buɗe murfin, ya karkata ta, ruwa ya malala a kan dandamalin.

"Baban 'Yan Biyu," ta ce a hankali.

"Kaɗan ne. Ki yi murmushi."

Aka ɗauki hoto. Aka rufe ƙofofin mota.

Motar ta tafi. Maman 'Yan Biyu ta jawo jarkar, ta girgiza ta, ta ji abin da ya rage. Ta dubi gangaren rafi, ta dubi hawan gida, ba ta tashi ba tukuna. A gabanta jiƙaƙƙen simintin yana ƙanƙancewa daga gefe-gefe, rana tana shanye shi, har ya koma fari.