Bi-Sannu da Minti Biyu

Shekara talatin da huɗu Bi-Sannu ya yi yana jan babbar mota, bai taɓa buge ko akuya ba. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa sunan, don ko gari zai ƙone ba ya wuce gudun da ya saba, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu. In an tsokane shi sai ya ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Da ya ajiye aiki ya sayi 'yar ƙaramar mota, ita ce ƙafarsa, ita ce abin hirarsa, kullum sai ya goge ta kafin ya karya kumallo.

Sai hawan jini ya yi masa ba-zata, ɓarin jikinsa na dama ya ɗan shanye. Allah ya taƙaita, baki ya dawo, hannu ya dawo, ƙafa ce kawai ta rage da nauyi. Babbar 'yarsa, wadda ke aiki a sashen gashin ƙashi na asibiti, ta ɗauke makullin motar ta jefa a jakarta. Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa yake kiranta Uwata, kuma tun da ciwon nan ya zo take nuna masa cewa sunan bai faɗi ƙasa banza ba.

Abin ya ci masa rai ƙwarai. Mutumin da ya kai kaya garuruwan da ba ya iya ƙirgawa, yau shi ake sakawa a kujerar baya kamar buhu, a kai shi, a dawo da shi.

"Uwata, wata huɗu ke nan fa," ya ce mata wata ranar Asabar. "Ina tafiya da ƙafata, har bene nake hawa."

"Tafiya daban, birki daban, Baba. Daga totur zuwa birki ƙiftawar ido ce. Ƙafarka ba ta kai nan ba tukuna."

"Wa ya gwada?"

Asabar ta zagayo sai ga ta da ƙaton kwali. Ta fito da sitiyari ta ɗaure a bakin teburin falo, ta ajiye totur da birki a ƙasa, ta jona wayoyi da talabijin. Kayan mijinta ne, wasan tseren motoci da yake ɓata lokaci a kai. Filin tsere ne mai kwana-kwana har goma sha ɗaya, motoci takwas a jere, bakwai na'ura ke tuƙa su, ɗaya ta mai sitiyari. A saman allon akwai agogo mai ƙirga tsawon lokacin kowane zagaye.

"Ranar da ka zagaya filin nan a ƙasa da minti biyu, zan ba ka makullinka, mu je likita ya gwada ka," in ji ta.

Bi-Sannu ya san wayo ne. Motsa ƙafar da ta koya masa ya ƙi yi, shi ne ta biyo masa ta bayan gida. Amma an ambaci makulli, don haka ya ja kujera ya zauna.

Tseren farko ba a cewa komai. Fitila ta yi kore, motoci bakwai suka ɓace kamar an kore su, shi kuwa yana laluben birkin hannu. Ya tashi a hankali yadda ake tashi da kaya. Kowace kwana sai hannunsa ya kai neman sigina. A zagaye na uku ya hango su a madubi sun zagayo sun cim masa, sai ya raɓe gefe ya ba su hanya ɗaya bayan ɗaya, har yana yi musu alama da hannu su wuce. Agogo ya nuna minti biyu da daƙiƙa arba'in da takwas.

Matarsa tela ce, kekenta na ɗinki a lungun falon yake kusa da taga. Ta yi dariya har zare ya tsinke mata.

"Malam, tsere aka ce, ba rakiya ba."

"Yi ɗinkinki, Tela. Waɗannan ba direbobi ba ne, 'yan ganganci ne. A titi da tuni an kwashe su a tsumma."

Amma da 'yar ta tafi, ya sake zama. Washegari ma haka, da ya karya kumallo sai ya ja kujera. Mutum ne mai lura, hanya ta koya masa karanta bayan motar da ke gabansa. Akwai wata ja a cikinsu, ita ke tsere wa kowa, ya sa mata suna Mara-Kunya. Ya lura kafin kowace kwana akwai alluna a gefen titi, ɗari da hamsin, ɗari, hamsin. Shi tun kafin allon farko yake taka birki, ita kuwa sai ta kai na ɗari jar fitilarta ke kamawa. Ya fara jinkirta ƙafarsa kaɗan-kaɗan. Sau da yawa ƙafar ta makara, ya zarce cikin yashi, ya zauna yana huci. Da yamma agararsa kan yi tsami, ya sa a kawo masa ruwan ɗumi, amma bai taɓa gaya wa 'yarsa ba.

Daga arba'in da takwas ya sauko talatin, daga talatin zuwa sha tara. Ya daina neman sigina. Ya daina ba da hanya, ko da yake duk sa'ad da ya tare wa wata gaba sai ya ji kamar ya yi rashin ladabi. Ya koyi cewa kwana ta huɗu ba ta son birki sam, ɗaga ƙafa kawai take so. Cikin mako uku ya kai minti biyu da daƙiƙa takwas.

Nan kuma ya cije. Kwana tara yana kan takwas ɗin nan, wani lokaci tara, wani lokaci takwas, kamar an kafa ƙusa. A miƙaƙƙen titi yana manne da Mara-Kunya, da an shiga kwana sai ta ba shi rata. Ran nan ya saki sitiyarin ya jingina da kujera.

"Ƙafar ce," ya ce a hankali. "Gaskiyar yarinyar nan ce. Iyakarta ke nan."

Tela ta tsayar da keke. Bayan kowane tsere wasan kan maimaita hoton daga sama, kuma ta fi shi kallon wannan, don shi a lokacin yana can yana murza agara.

"Ni fa ban iya mota ba," in ji ta, "amma na iya yanka. Mayar da hoton nan ka gani."

Ya mayar. Ta taso ta tsaya gaban talabijin da almakashi a hannu, tana nunawa da tsininsa.

"Dubi jar. Ta buɗe can gefe, ta yanko ta ciki, ta fita ta ɗaya gefen. Yadin gaba ɗaya take amfani da shi. Kai kuwa dubi taka, kana lallaɓawa a gefe guda kamar mai bin kalmasa. Rabin titin ka bar wa wa?"

"Hannuna nake bi. A kwana mutum ba ya shiga hannun wani."

"Wane wanin? Duk ku takwas gaba ɗaya kuka nufa. Wa zai taho ta can?"

Bi-Sannu ya sake duban hoton. Titin nan ko farin layi babu a tsakiyarsa, shi ne ya zana nasa a ka, yake ta biyayya gare shi mako huɗu. Kunya ta kama shi, sai kuma wani daɗi ya biyo baya, don in haka ne ba ƙafar ba ce.

Sai dai sani daban, yi daban. Ya tunkari kwanar farko da niyyar yankewa, hannuwansa suka ƙi. Shekara talatin da huɗu suna tsammanin wata babbar mota za ta ɓullo daga bayan kowace kwana, ba za su bar wannan don maganar rana ɗaya ba. Ya gwada sau biyar, duk sa'ad da ya kai bakin kwana sai gabansa ya faɗi, ya koma hannunsa.

"Da can in za ka wuce wata motar ba ka ganin gaba, yaya kake yi?" Tela ta tambaya.

"Karen mota ke leƙa min ta tagarsa. In ya ce ba kowa, in shiga."

Ta ja kujerar ɗinkinta ta ajiye a gefensa, ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Bayan shekara arba'in da aure, yau na samu ƙarin girma. Ja mu je."

Suka tunkari kwana. Ta miƙa wuya kamar da gaske tana leƙawa, ta ce, "Ba kowa, shiga." Hannuwan suka saki. Motar ta buɗe, ta yanko ta ciki har tayarta ta hau jan dakalin gefe, ta fita sumul. A kwana ta biyu ta sake faɗa, ya sake shiga. Zagayen nan ya tashi minti biyu da daƙiƙa uku. Ɗinkin mutane ya yi kwana huɗu ba a taɓa shi ba, wata mai riga har sau biyu tana zuwa ana ba ta haƙuri.

Asabar da hantsi 'yar ta zo. Ta ga uwarta zaune a gefen sitiyari, ta dube su. Ta ajiye jaka ta zauna a kan darduma kusa da teburin.

"Zagaye uku ne, Uwata. Wanda ya fi sauri shi ne nawa."

"Na ji, Baba."

Fitila ta yi kore. Zagayen farko, da tashi daga tsaye da cunkoso, ya ba shi biyu da shida. Na biyu ya wuce motoci uku, Tela na ta "ba kowa, shiga," ya tashi biyu da ɗaya. A na uku komai ya zauna masa. Ya taka birki daidai allon ɗari, ya ɗaga ƙafa a kwana ta huɗu, ya yanke ta bakwai kamar an auna. Da ya fito kwana ta goma agogo na kan minti ɗaya da arba'in da shida, Mara-Kunya na gabansa kaɗan. Saura kwana ɗaya da ɗan miƙaƙƙen titi. Ya san ya samu.

A tsakiyar kwanar ƙarshe wata shuɗiyar mota ta gogi jar. Jar ta juya ta gitta a titi, gefenta na kallonsa.

Duk mai wasan nan ya san abin yi a nan, a bangaje ta a wuce, ba abin da ke lalacewa, ba wanda ke jin ciwo. Bi-Sannu bai yi tunani ba. Ƙafarsa ta bar totur ta danne birki har ƙasa, tayoyi suka yi ƙara, motarsa ta tsaya cak, tsakaninta da jar bai kai taku ɗaya ba. Ya karkata ya zagaye ta ya ƙarasa layi. Minti biyu da daƙiƙa huɗu.

Ya zura wa agogon ido.

"Da ka ture ta, Malam," Tela ta ce a sanyaye. "Hoto ne fa."

"Na sani. Ƙafar ce ba ta sani ba." Ya share gumi da hannun riga. "Alkawari alkawari ne, Uwata. Ban kai ba. A ƙara min mako ɗaya."

Sai a lokacin ya lura 'yarsa ba talabijin take kallo ba. Tun da aka fara, idonta na ƙarƙashin tebur.

"Baba, ka san lokacin da ka taka birkin nan?"

"Ban sani ba. Na dai ga mota a gabana."

"Ni ma ban ga tashin ƙafar ba, kuma ita kaɗai nake kallo." "Minti biyun nan mijina na tambaya, ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Abin da nake tsoro shi ne wani ya gitta maka a titi ƙafar ta makara. Wata biyar ina wannan tsoron."

Ta jawo jakarta ta daɗe tana lalube, don idonta ya cika ba ta gani sosai. Ta fito da makullin ta sa masa a tafin hannu ta rufe da nata.

"Litinin likita zai gwada ka, sai ya yarda za ka hau babban titi. Yau dai akwai filin bayan makaranta, ba kowa a cikinsa."

Bi-Sannu ya jimƙe makullin. Ya tashi ya sa takalmi, suka sauka su uku zuwa inda motar take a inuwa. Ƙafafunsa suka kai shi ƙofar baya yadda suka saba a watannin nan, har ya kama mariƙin.

"Baba, ba nan ba," in ji 'yarsa. Ta buɗe masa ƙofar direba, ita kuma ta zagaya ta shiga gidan mai zaman banza.