Ranar da Akuya ta Ci Mangwaron Najaha

Najaha ta sauka a Matameye ran Lahadi da jakar kaya ɗaya da kundin darussa da ta kwashe wata biyu tana shiryawa. Daga makarantar horon malamai ta Damagaram aka turo ta, ta yi sati shida tana gwajin koyarwa a wata lakwal, wato makarantar firamare, da ke bakin gari. Ajin 'yan shekarar farko aka ba ta. Rumfar zana ce, yara saba'in da huɗu a kan tabarmi, kowa da ɗan allonsa a cinya. Mai ajin, Madam Ruƙayya, ta shekara ashirin da shida tana koyarwa, kuma ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba.

Ranar farko Najaha ta tsaya a gaban tablo, babban allon aji, da takardar darasinta a hannu. Ta gaishe da yara da Faransanci, suka amsa baki ɗaya, ta ji daɗi. Ta ce su zauna, sai suka maimaita abin da ta ce, suna tsaye. Ta sake faɗa, suka sake maimaitawa. Haushi ya kama ta, ta koma Hausa.

"Ba maimaitawa na ce ku yi ba!"

"Ba maimaitawa na ce ku yi ba!" in ji yara saba'in da huɗu, har da ɗaga hannu irin nata.

Can bayan aji Madam Ruƙayya ta rufe baki da gyale, kafaɗunta na rawa.

Da aka fita shan iska ta kira ta gindin dalbejiya, ta miƙa mata ruwa.

"Ɗiyata, takardar kike koya wa ko yaran? Tun da kika fara idonki na kanta."

"Haka aka nuna mana, Madam."

"Na sani. Ni ma da ita na fara. Sunan yara nawa kika riƙe?"

Najaha ta ƙirga da yatsu, ba ta cika goma ba.

"To, fara da wannan. Sauran zai zo."

Sati guda ta yi tana haddar sunaye, tana rubuta su a tafin hannu in ta rikice. A nan ta gane cewa yaron da aka kira da sunansa ba ya bari a kira shi sau biyu. Ta lura in ta rage murya yara sukan yi tsit don su ji, in ta yi tsawa su ma sai su ƙara. Ta kuma gane cewa da rana ta take ba wanda ke fahimtar komai sai an tashe su an yi waƙa da tafi.

A sati na huɗu direktan lakwal ya sanar da ita cewa Mushe Inusa, wato Malam Inusa, jami'in da ke auna ɗaliban malamai, zai zo ran Alhamis ya ga darasinta na ragi. Kwana uku Najaha ta yi tana zana mangwaro tara a kan babban kwali, ta shafa musu launi har suka yi kamar a tsinka. Ran Alhamis da sassafe ta rataye kwalin a jikin zana, ta je wajen direkta sa hannu.

Tana dawowa ta ji ihu da dariya. Wata jar akuya ta zuro kai ta ramin zana, ta yage gefen kwalin, tana tauna hankali kwance. Kafin Najaha ta kore ta, aikin gama ya gama. A daidai lokacin ƙarar babur ɗin Mushe Inusa ta tsaya a ƙofar lakwal.

Najaha ta dubi Madam Ruƙayya, ita kuwa ta gyaɗa mata kai kawai, ta gyara wa baƙo kujera. Mushe Inusa ya shigo, dogo ne mai tabarau, ya zauna ya buɗe littafinsa. Najaha na tsaye da yagaggen kwali, hawaye na neman zubowa.

Sai wata 'yar ƙarama mai suna Amatullahi, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu.

"Madam, biyar suka rage."

"Me kika ce, Amatullahi?"

"Mangwaron. Da tara ne, akuya ta ci huɗu. Saura biyar."

Najaha ta dubi kwalin, ta ƙirga. Biyar ne cif. Ta ajiye takardarta a kan tebur.

"Wa ya ga lokacin da akuya ta ci?"

Hannuwa suka tashi kamar gonar gero. Ta fito da yara tara gaban aji ta ce su ne mangwaro. Da ta tambayi wa zai zama akuya, sai da ta toshe kunne, don kowa so yake. Akuya ta farko ta ja yara huɗu gefe, aji ya ƙirga sauran da ƙarfi. Najaha ta rubuta lissafin a tablo, ta faɗa da Hausa, ta faɗa da Faransanci, yara suka kwafa a allunansu suka ɗaga sama. Aka sake da bakwai, aka sake da shida.

Ana cikin haka Amatullahi, da ta samu baki yau, ta nuna baƙo da yatsa.

"Madam, shi bai yi akuya ba."

Mushe Inusa ya cire tabarau, ya rufe littafi, ya miƙe. Ya zo gaban aji ya yi kukan akuya mai kauri, ya kwashi yara uku ya kai su bakin ƙofa. Rumfar ta kusa faɗuwa don dariya.

"Takwas, wannan babbar akuyar ta ci uku," in ji Najaha, tana share ido. "Saura nawa?"

"Biyar!"

Bayan an tashi ya zaunar da ita. Bai ɓoye mata kurakuranta ba: ta wuce lokaci da minti goma sha biyu, rubutunta a tablo yana gangarewa, kuma ta manta da yaran kusurwar hagu. Sannan ya tambaye ta inda ta samo wannan dabara. Ta gaya masa gaskiya, ta nuna masa kwalin.

"To, kin saurari yarinyar, shi ya cece ki," in ji shi. "Da yawa da sun ce mata ta yi shiru." Ya rubuta mata sakamako mai kyau, ya roƙi yagaggen kwalin ya tafi da shi.

Washegari wata mata ta zo lakwal da goyo, tana tambayar sabuwar malama. Mahaifiyar Amatullahi ce.

"Malama, me kuka koya wa 'yar nan? Tun jiya take ƙirga mini kaji. Na kama biyu zan kai wa ƙanwata a Kurni, ta tare ni a zaure wai saura shida, sai na amsa mata kafin in wuce."

"Daidai ta faɗa?" in ji Najaha.

"Daidai kuwa. Har wanda ya ɓuya a bayan rumbu sai da ta nemo."