Jif ɗin Injiniya

Dogo yana kwance rigingine a ƙarƙashin jif ɗin, yana goge ƙarfen da ke bayan tayar gaba da tsumma, ƙasa tana zubo masa a ido. Auta, ƙanin matarsa, ya tsuguna a gefe da takardun motar a hannu.

"Ka gan ta, Yaya?"

"Na gan ta. Saurara in karanto maka."

Ya karanto lambar da aka buga a jikin ƙarfen, harafi bayan harafi, Auta yana gwada ta da wadda ke gindin gilashin gaba da kuma ta cikin takardu. Duk bakinsu ɗaya. A gaskiya ba sai Dogo ya kwanta a ƙasa ba, ko daga barci aka tashe shi zai faɗi lambar nan. Shekaru ya yi yana jan motar, yana kai ma'aikatan Injiniya, mai kamfanin haƙar rijiyoyi, duk dajin da aiki ya faɗo. Ya san kukanta da safe, ya san ƙofar da sai an ɗaga ta take rufuwa.

Kuma da ita ya kife. A wata gangara mai duwatsu sitiyari ya sake a hannunsa, yana juyawa tayoyi ba sa amsawa. Mai awon ƙasa da ke zaune gefensa ya rasa ƙafa ɗaya. A asibiti, gaban 'yan uwan mutumin, Injiniya ya ce, "Barci ya yi." Magana ɗaya ce, amma ta fi hatsarin nauyi. Dogo ya rantse har ya gaji da rantsuwa. Aka sallame shi, duk inda ya je neman tuƙi kuma labarin ya riga shi isa. A gareji yanzu Sarkin Barci suke ce masa, in ya wuce wani ya yi minshari, sauran su kwashe da dariya. Man inji yake sayarwa a bakin titi, shi da ya yi rabin rayuwarsa a kan sitiyari.

Injiniya ya gyara motar, ya yi mata sabon fenti, ya sa ta a kasuwa. Auta kuwa yana saro kayan gona a ƙauyukan da ƙaramar mota ba ta shiga, sai ya ƙyalla ido a kanta. Da ya zo gida neman rakiya, cewa ya yi, "Kai ka san ta, Yaya. Kuma ai motar lafiyarta lau, kowa ya san ba laifinta ba ne." Ya faɗa yana shan ruwa, ko a jikinsa. Matar Dogo ta sunkuyar da kai ga ɗinkinta. Shi kuwa ya sa takalmi ya bi shi, don ba ya so a ce baƙin ciki yake yi wa yaron.

Ya yi aikin tsakani da Allah. Ya ƙwanƙwasa ƙarfen ƙasa ya ji ko tsatsa ta ci shi, ya shafa gindin inji ya ga ko mai na ɗiga, ya sa giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare ya saurari shigarta. Ya kama tayar gaba ya girgiza, ya leƙa sandar da ke haɗa ta da sitiyari.

"Wannan ta gwanjo aka sa mata," ya ce. "Irin ta da ce sak."

Auta yana can yana danne-dannen waya. Wani abokinsa ne ya ce masa kada ya biya sai ya sa lambar a shafin intanet na kamfanin da ya ƙera motar, don wani lokaci sukan gano aibi a irin motocin da suka fitar, su yi kira a mayar musu su gyara kyauta. Dogo ya ɗauka iyayin 'yan zamani ne kawai. Yana kakkaɓe wando ya ji Auta ya kira shi.

"Yaya, zo ka ji. Wai motocin wannan shekarar, sandar sitiyarinsu tana iya tsinkewa a hanya mai gargada. An yi kira a kawo a canja. Wannan kuma an rubuta ba a kai ta ba."

"Sake karantawa."

Ya sake. Dogo ya dafa bonet ɗin motar. Abin da ya yi ta faɗa wa mutane suna kallon sa kamar mahaukaci, ga shi wasu can da ba su san shi ba sun rubuta tun kafin ya faru.

Akwai lambar wakilan kamfanin a ƙasan shafin. Auta ya kira, ya buɗe murya. Wata mata ta karɓi lambar motar, aka ji tana danna na'ura, sannan ta ce an sanar da mai motar tuntuni, har an yanka masa ranar kawowa, ya ce tana wurin aiki a daji, daga nan bai ƙara ɗaga waya ba. Ta faɗi watan.

Dogo ya tuna watan. Ya tuna safiyar da aka ce ya wanke mota za a kai ta kamfani, shi ya ɗauka juyen mai za a yi. Yana cikin goge gilas Injiniya ya fito ya ce a bar zancen, kwangila ta faɗo, a loda bututu a kama hanya. Ba a jima da wannan ba suka kife.

Suna nan tsaye sai ga Injiniya ya shigo harabar ofishinsa, inda aka ajiye jif ɗin, da ƙaramar motarsa, yana ƙamshin turare. Ya miƙa wa Auta hannu, ya ɗaga wa Dogo haɓa.

"A'a, Dogo, kana nan? Yaya kasuwar mai?"

"Ranka ya daɗe, ka san sandar sitiyarin nan tana da aibi. An kira ka."

Injiniya ya dubi wayar da ke hannun Auta, ya dubi Dogo. Bai musa ba, kuma wannan ya fi musu ciwo.

"Kira nawa ake yi mini a rana? Ni da nake da ma'aikata a wurare uku?"

"Ka ce barci na yi. A gaban mutane ka faɗa."

"To me kake so in ce a lokacin? Mutum na kwance ba ƙafa, 'yan uwansa sun cika asibiti." Ya juya ga Auta, muryarsa ta yi laushi. "Samari, zo mu shiga ciki. Ba a ciniki a rana."

Auta ya ce, "Yaya, jira ni, yanzu zan fito."

Dogo ya zauna a kan wata tsohuwar taya a inuwar katanga. Zuciyarsa tana tafasa, amma a ƙarƙashin tafasar akwai wani daɗi da ya daɗe bai ji ba. Ya fara tsara inda zai fara. Gidan mai awo tukuna, wanda tun daga asibiti bai ƙara amsa gaisuwarsa ba. Daga nan gareji, a sa Auta ya karanta musu da ƙarfi, a ga bakin da zai sake yin minshari. Sai gida. Ya san matarsa ba ta taɓa cewa ya yi barci ba, amma kuma ba ta taɓa cewa bai yi ba.

An daɗe kafin Auta ya fito. Ya fito yana washe baki, makulli na lilo a yatsansa.

"Yaya, yau ka yi mini rana. Ka ga yadda ya sauko kuwa? Ko a mafarki ban zaci zan same ta haka ba. Gyaran kuma kyauta ne, gobe zan kai ta."

"Madalla. Turo mini abin nan a wayata. Kuma ina so ka raka ni gidan mai awo, kai ka ji abin da matar kamfanin ta faɗa."

Auta ya sosa ƙeya, ya dubi tayar mota.

"Ai nan ne 'yar matsalar. Na yi masa alkawari maganar ba za ta fita ba. Da wannan sharaɗin ya rage."

"Maganar wa?"

"Haba Yaya. In ta fita, 'yan uwan mai awo kotu za su kai shi, a riƙe motar a matsayin shaida, ni kuma ga kaka ta zo. Ƙafar nan dai ba za ta dawo ba. Kai ma ka riga ka saba, kasuwarka tana tafiya. Don Allah kada Yaya mace ta ji, ka san ta da baki."

Dogo ya tsaya yana kallon sa. Yaron nan a kafaɗarsa ya yi wayo, shi ya koya masa riƙe sitiyari a filin makaranta. Shafin kamfani kowa zai iya buɗewa, amma cewa an kira Injiniya ya ƙi zuwa, su biyu kaɗai suka ji, ɗayan kuma ya riga ya sayar da kunnensa.

Ya miƙa hannu. "Kawo in ja ta. Sandar nan ba ta son rami, ni na san yadda ake lallaɓa ta."

Auta ya janye makullin ya sa a tafinsa.

"Bari dai in ja, Yaya. Ta gaban gareji za mu bi. In aka gan ka a sitiyarin motar nan, ka san bakin mutane, sai a ce ban damu da raina ba."

Ya zagaya ya shiga ya tayar da ita. Dogo ya buɗe ɗaya ƙofar, ya zauna a kujerar mai awo, ya ja bel ya ɗaura.