Ƙofar da Ta Fita Dabam

A unguwar su Mufaddal masaƙi, can saman dutse, kowace ƙofa shuɗiya ce. Haka aka gada, ba a tambayar dalili. Mahaifinsa, da ake kira Ba Layashi, wato Baba Layashi, tsufa ya cinye masa tunani amma ya bar masa ƙafa da ci. In ya fito daga masallaci da azahar, ƙofar da ta fara yi masa kyau ita ce tasa. Sai ya shiga, ya tuɓe takalmi, ya shanye wa mutane miyar wake, ya yi wa matar gida faɗa, ya miƙe a gadon maigida.

Labari ya kai birnin Tanja, wurin Zuhur, yayar Mufaddal. Ta bugo waya.

"Kai, uba ɗaya tak ya gagare ka riƙo? Ran Juma'a ina tafe. In na tarar yana bin gidajen mutane, da shi zan koma."

Mufaddal ya san gidanta: bene hawa na biyar, ƙofa da kwaɗo, taga na kallon bango. Tsohon da bai taɓa wuni a ɗaki ba, in aka kai shi can an gama da shi.

Ya sayo fenti ya mai da ƙofarsa rawaya, ya kamo hannun tsohon. "Ba, ka gani? Wadda ta fita dabam, ita ce tamu."

Dabara ta ci, tsoho ya riƙa dawowa gida kai tsaye. Ba a jima ba, wata safiya Mufaddal ya leƙo ya tarar layin kaf ya koma rawaya. Ya nufi maƙwabcinsa Si Ayyad mai gasa burodi.

"Si Ayyad, me ya sami ƙofarka?"

"Rana ce, ɗan'uwa. Ta koɗe."

"Gemunka ma ranar ce ta ɗiga masa?"

"Ka sayi burodi ko ka matsa, kana tare mini iska."

Mufaddal ya shafa ja. Kafin ta bushe unguwa ta yi jawur. Ya shafa kore, suka bi shi. Da haushi ya ishe shi ya ciro ƙofar ɗungurungum ya jingine a bakin layi. Washegari ƙofofi sun yi tsibi a wurin, kyanwoyi na shiga gidaje yadda suka so.

A haka Zuhur ta iso. Gidan da aka haife ta ya ɓace mata, ta faɗa na Lalla Rahimu, wata tsohuwa da mijinta ya rasu. Ga Ba Layashi zaune a gaban akushin kuskus, ya naɗe hannun riga. Mufaddal ya shigo a guje, ya tsaya cak.

"Na gani da idona," in ji Zuhur. "Tashi, Ba, mu tafi."

Lalla Rahimu ta tare hanya da ludayi a hannu. "Ki kai shi ina, 'yar nan? Tun da maigidana Si Tuhami ya rasu ba wanda ya kushe mini girki sai shi. Wannan sakaran ƙanin naki ya shafa rawaya, na koma ina dafa abinci ba mai cewa uffan. Da tsufana na hau kujera ina fenti, kafaɗata har yau ba ta saki ba!"

Si Ayyad ya leƙo ta inda ƙofa take a da. "Gobe gidana ne, Lalla Zuhur. An riga an raba kwana, kada ki ɓata mana tsari."

Ba Layashi ya ɗago ya ƙare wa 'yarsa kallo. "Wace ce wannan mai faɗo wa mutane gida ba sallama? Mufaddal, raka baiwar Allah, ta yi ɓatan kai."

Motar la'asar ta tafi da Zuhur ita kaɗai, da ƙunshin kuskus a cinya. Mufaddal ya koma bakin layi neman ƙofarsa a cikin tsibin. Duk kore ne. Ya saɓi wadda ta fi sauƙin ɗauka.