Ƙusoshi Uku a Jirgin Fundi Famau

A garin Tundani ba a buga wa jirgin ruwa ƙusa, ɗinka shi ake yi. A huda katako, a zura igiyar kwakwa, a ja har fatar hannu ta saɓule. Dalili kuwa kowa ya sha shi tun a nono: can kudu da bakin gaɓa akwai wani baƙin dutse a tsakiyar teku mai zuƙe ƙarfe. An ce a zamanin kakanni jiragen 'yan mamaya bakwai suka doshi garin, dutsen ya zare musu ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, suka wargaje kamar tsohon kwando.

Fundi Famau shi ne maɗinkin jirgi na ƙarshe da ya rage, kuma ga shi da baki. Shekara arba'in yana zaune a ƙofar mai gahawa yana zagin masassaƙan wasu garuruwa, wai masu gyaran akwati ne. To amma tsufa ba ya sallama. Da yake haɗa sabon jirgin Nahoda Kombo, wato shugaban matuƙa, wani katako can ƙarƙashin gindin jirgin ya ƙi kamuwa, yatsunsa kuma suka ƙi jan igiya. Ya duba gabas ya duba yamma, ya buga ƙusa uku, ya shafe wurin da man kifi.

Al'adar garin ce maɗinki ya hau jirginsa a tafiyar fari. Famau ya hau da ƙarfin gwiwa, don ya ji an ce arewa za a kai itacen gini. Suna fita sai Kombo ya karkata akalar jirgin kudu.

"Kombo, ina kuma za mu?"

"Mai kayan ya sake shawara, Baba. Kudu ya fi kasuwa."

Famau ya koma gefe ya zauna. Aka kawo shinkafa da busasshen kifi, ya ce azumi yake, alhali kowa ya gan shi da kofin gahawa da safe. Ya ƙirga mutanen jirgin: sha ɗaya, kusan duka da iyali. In ya yi shiru ya kashe su. In ya yi magana sunansa ya mutu, ba zai ƙara iya zama ƙofar mai gahawa ba. Tsoro ya kama shi sosai, kunya kuma ta fi tsoron.

Da dutsen ya bayyana, baƙi ƙirin, tsuntsaye na kashi a kansa, sai tsoho ya miƙe tsaye.

"Ku juya! Don girman Allah ku juya! Akwai ƙusa a jirgin nan! Uku! Ni na buga su!"

Babu wanda ya motsa. Athumani mai dafa abinci ya ci gaba da kankare tukunya.

"Uku kawai, Baba?" in ji Kombo.

"Kana hauka ne? Ɗaya ma ta isa ta hallaka mu!"

Kombo ya sosa ƙeya, ya dubi mutanensa, su kuma suka dubi sama.

"Baba, ka yi haƙuri. Da naka ukun sun zama sittin da uku. Shekaranjiya da ka tafi Masallaci muka ƙara."

"Kuka me?"

"Haka ake yi. Mahaifina ma haka ya yi wa jirgin da ka ɗinka masa. Duk garin nan babu jirginka da ba shi da ƙusa. Ɗinkinka kyau ne da shi, wallahi, sai dai yana shan ruwa. Ba wanda ya iya gaya maka."

Jirgi ya wuce dutsen lafiya lau, ko girgiza bai yi ba. Famau ya zauna daɓas a kan itace. Shekara arba'in gari guda na lallaɓa shi! Hawaye suka cika masa ido, bai san ko na baƙin ciki ba ne ko na me.

Can ya rarrafa cikin jirgin, ya ɗaga tabarma, ya bi katakon da yatsa har ya taɓo kan wata ƙusa. Ya daɗe yana kallonta.

"Wane ɗan banza ne ya buga wannan?"

Athumani ya ɗaga ludayi a hankali.

"A karkace! Kusa da baki, inda katako zai tsage! Haka kuke yi wa jiragena shekara arba'in?" Ya share ido da gefen zanensa. "Miƙo min guduma."