Tumbin Mai Burodi

Idan aka yi wa mutum dariya da yaren da bai sani ba, an ci mutuncinsa ko ba a ci ba? Mai burodi na goge gilashin kanta yana juya tambayar a ransa.

Wani tsoho baƙo ne mafarin abin. Kullum da safe yakan shigo, ba ya jin yarensu, ba sa jin nasa. Sai ya nuna kek mai zuma ya kumbura kumatu, mai burodi ya buga tumbinsa, su tuntsire da dariya. Iyakar hirarsu ke nan. 'Yar mai burodi ta ɗauke su a waya ta saka a intanet, duniya ta ɗauka. Tun ranar tsohon bai sake leƙowa ba.

"Baba, dubi sharhi," in ji 'yar. "Waya ta fassara min wannan, wai son kek ba ya neman tafinta."

"Kin nemi izininsa?"

"Da wane bakin zan nema?"

Samari biyu suka shigo, wayoyi a sama. "Maigida, ɗan buga mana tumbin nan mana!"

"Burodi nake sayarwa. Tumbin ba na sayarwa ba ne."

Suka sayi kek suka fita suna ƙunshe dariya. Ciniki ya buɗe, amma shi ƙofa yake kallo. Gani yake kunya ce ta kulle tsohon a gida, kuma daga shagonsa kunyar ta fito.

Wajen la'asar sai ga tsohon, da wata mata riƙe da waya a bayansa. Sanye yake da riga mai hoton kumatunsa a ƙirji, fuska sai walwala. Mai burodi ya yi saurin ciro kek mai zuma. Tsohon ya ture farantin gefe, ya jawo mai burodi inda haske ya fi kyau, ya kumbura kumatu yana kallon wayar.

Mai burodi ya jira tsohon ya dube shi. Bai dube shi ba.

"Baba," in ji 'yar a hankali, "kai yake jira."

Ya goge hannunsa da tsumma, ya buga tumbin. Matar ta girgiza kai, ta yi alama da yatsa a sake.

Ya sake.